Rediyon Gwanjo Da Warin Taba: Turare Ba Ya Wanke Datti



Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, har yanzu rediyo ne abokin hirar talaka. Da shi manomi ke tafiya gona, da shi mai shayi ke tara majalisa. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa kunnuwan iyayenmu suka saba, ga kuma Rediyo Jigawa da Freedom ta Dutse. Da yake sabo ya yi tsada, kuma da yawansa ba ya ƙarko, sai muka koma wa na gwanjo, wanda ke shigowa ta Legas ya biyo Kano, ya sauka a kasuwanninmu irin ta Sara. Haka amfilifaya da lasifikar da muke saya wa masallatai da Islamiyyu.

Sai dai wasu kayan sukan zo da baƙon da ba mu gayyata ba: warin taba sigari. Mu a ganinmu wannan wari aibi ne a jikin kaya, kuma bai kamata a ci gaba da rufe shi da turare ba.

Ga dalili. Hayaƙin taba yana barin wani danƙo mai ruwan ƙasa-ƙasa, na kwalta da nikotin, a duk inda ya ratsa. Rediyon da ya shekara goma a ɗakin mashayi ya sha wannan danƙo ta ramukan iska har cikin cikinsa. Danƙon yana kama ƙura, mu kuma ga hunturu. Shi ya sa maɓallin ƙara murya ke ƙarar-ƙarar, shi ya sa kuma warin ke tashi da zarar na'urar ta ɗau zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa. Ba mu ce rediyo ɗaya zai kashe kowa ba, amma wa zai so ajiye ragowar wannan hayaƙi kusa da jariri ko mai asma?

Gyaran ba shi da tsada. A cire batir, a zare waya daga wuta. A kwance murfin roba a wanke shi shi kaɗai da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Cikin kuwa ba a kai masa ruwa: buroshi mai laushi a kaɗe ƙura, sannan auduga da ɗan sifirit a goge a hankali. Takardar lasifika kada a jiƙa ta, lalacewa take yi. Bayan nan a sa rediyon a kwali tare da gawayi a ƙulle cikin tsumma, a rufe kwana bakwai, a canza gawayin idan warin bai tafi ba. Fetur da kananzir suna cin roba, ga haɗarin gobara. Amfilifaya da duk babbar na'ura mai aiki da wutar lantarki a kai wa mai gyara, domin wasu sassanta kan riƙe wuta ko bayan an kashe.

Mun san abin da 'yan kasuwa za su ce: riba kaɗan ce, kuma mai sayen gwanjo ya san ba sabo ya saya ba. Gaskiya ne, babu wanda ya nemi tsoho ya koma sabo. Amma tsufa daban, ɓoye aibi daban. Wanda ya fesa turare don mai saye ya kasa ganewa sai ya kai gida, ya san abin da malamanmu suka karantar a kan algus. Ko ka wanke ka ɗora kuɗin aikinka, ko ka faɗa ka rage farashi. Duka biyun halal ne.

Mu masu saye kuma mu daina kunya. A kunna rediyon a bar shi ya yi minti goma, a kai hanci wajen ramukan iska, a buɗe gidan batir a duba. Matasanmu masu gyaran waya da rediyo, ga wata ƙofar samu: wankin kayan gwanjo kafin su hau tebur.

Masu gyara da ke cikin wannan zaure, wace dabara kuka gwada ta yi aiki? Muna jiran ku a ƙasa. Allah ya ba mu lafiya da halal.