Wa Zai Tsare Gaɓar Tekunmu?

Ɗauko taswirar Nijeriya, ka ɗora yatsa a kan Badagiri, ka bi bakin ruwa gabas har iyakar Kamaru. Abin da yatsanka ya ratsa ya kai kimanin kilomita 850, kuma ya taɓa jihohi takwas: Legas, Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. A wannan doguwar gaɓa akwai rairayi, akwai fadamu, akwai ƙoramu barkatai waɗanda ba a shigarsu sai da kwalekwale. Tambayata gare ka, mai karatu, ita ce: wa zai iya gadin wannan wuri dare da rana? A ganina babu mai iyawa sai mutanen da ke zaune a wurin. Su ma ba za su yi ba, sai an daina kallonsu a matsayin masu laifi.

Bari mu fara da kunkurun teku. A watannin rani macen kunkuru takan fito daga ruwa cikin dare, ta ja jiki a kan rairayi, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta sake waiwayarsu. Ɗumin yashi ne ke ƙyanƙyashe su bayan kimanin wata biyu, kuma shi ne ke sa su zama maza ko mata: idan yashin ya yi zafi sosai, mata sun fi yawa. Da 'ya'yan sun fito sai su nufi ruwa. Tsuntsaye da ƙaguwa da karnuka na dakonsu a hanya, manyan kifaye na jiransu a cikin teku. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin dubu, da ƙyar ɗaya ke girma. Wadda ta tsira kuwa sai ta shekara goma sha wani abu, wani irin ma fiye da ashirin, kafin ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta yi nata ƙwan. Saboda haka wanda ya yanka mace ɗaya a bakin ruwa, ya cinye a dare ɗaya abin da teku ta daɗe tana reno.

Hukuma ba ta manta da wannan dabba ba. Tun 1985 Nijeriya take da dokar kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ƙa'idojin kamun kifi na 1992 kuma sun hana manyan jirage masu jan taru su yi su a cikin mil biyar daga gaɓa. Dokoki ne masu kyau. Sai dai doka tana cikin littafi a Abuja, kunkuru kuwa yana kan rairayin wani ƙauye da ƙarfe biyun dare. Ba ɗan sanda ne zai gan shi ba. Masunci ne zai gan shi, ko yaron da ya fito neman ƙaguwa da tocila. Hukuncin da suka yanke a wannan lokaci shi ne zai zauna.

Mutanen Akasa, a Ƙaramar Hukumar Buras ta Jihar Bayelsa, sun gane haka da wuri. Wataƙila ka taɓa jin sunan garin a darasin tarihi, domin nan ne Sarki Koko na Nembe ya kai wa kamfanin Turawa hari a 1895. Garin yana bakin Kogin Nun, inda wani reshe na Kwara ke shiga teku. A 1997 aka fara wani shiri na raya yankin tare da ƙungiyar Pro-Natura, kuma aka bar wa mutanen gari su zaɓi ayyukan da suke so, su kuma riƙe su da kansu. Kare kunkurun teku ya shigo cikin waɗannan ayyuka. Matasa suka kafa ƙungiyoyi na sa ido a kan rairayi da wayar wa jama'a kai. Abin da ya burge ni shi ne, ba a ware maganar kunkuru daga maganar asibiti da makaranta da bashin jari ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da aka saurari kukansa game da lafiyar ɗansa, ya fi saurin sauraron maganar ƙwan kunkuru.

A nan ne nake saɓa wa waɗanda suka iya zagin masunta daga cikin ofis mai sanyi. Ka yi tunanin masuncin da ya fita tun asuba, ya sayi man inji da tsada, ya jawo tarunsa, sai ya tarar da ƙaton kunkuru ya naɗe a ciki. Wani irin kunkurun nauyinsa yakan haura kilo 300. Kafin a fitar da shi ya yayyaga tarun, kifin da aka kama ya zube. Idan ya sake shi, ya koma gida hannu rabbana, ga kuɗin gyaran taru. Idan ya yanka, ya sami nama da abin sayarwa. Wanne kake zaton zai zaɓa? Wa'azi kaɗai ba ya ɗinke taru.

A ƙasar Kenya, a garin Watamu, mazauna wurin sun samo wa wannan matsala hanya. Tun 1998, masuncin da kunkuru ya faɗa wa taru yakan kira masu aikin ceto. Su zo su auna dabbar, su sa mata alama, su mayar da ita ruwa, sa'an nan a ba masuncin ɗan abin da zai rage asara. Ta haka an mayar da kunkuru teku fiye da sau dubu goma. Kuɗin ba yawa gare su ba, amma sun mai da masunci abokin aiki. Ban ga abin da zai hana a yi irin wannan a kowane ƙauyen masunta na Nijeriya ba.

Ba rairayi kaɗai ke bukatar tsaro ba. A bakin ƙoramun Neja Dalta akwai wani itace da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar mai tsaye a kan ƙafafu da yawa. Masana suna kiransa mangurof, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansa a Afirka. A tsakanin saiwoyinsa ne ƙananan kifaye da jatan lande ke ɓuya har su girma. A nan ne mata ke tsintar kawa da ƙananan dodon koɗi da ake sa wa miya. Shi ne kuma ke riƙe laka don kada igiyar ruwa ta cinye gari. Maƙiyansa suna da yawa: gatarin masu neman itacen ƙyafe kifi, da malalar ɗanyen mai, da wata irin kwakwa mai suna nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 don ta hana zaizayar ƙasa, amma ta bazu ta ƙwace wurin itatuwan gida. A ƙasar Ogoni, Martha Agbani da matan ƙungiyar Lokiaka suna renon dashen mangurof, su shiga laka da ƙafarsu su dasa a inda mai ya kashe na dā. Su ne suka fara jin zafin rashinsa, don haka ba sai an roƙe su ba.

Duk da haka kada mu ɗora wa ƙauye kayan da ya fi ƙarfinsa. Ɗan kwalekwale ba zai iya korar jirgin da ya ƙetare iyakar mil biyar cikin dare ba. Wannan aikin sojan ruwa ne da ma'aikatar kula da kamun kifi. Haka kuma babu ƙungiyar mata da za ta iya toshe bututun mai. A 2008 mai ya malala a Bodo ya kashe dazuzzukan mangurof masu yawa, kuma sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya diyyar Fam miliyan 55, bayan an kai ƙara Landan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Gwamnatin da ke yabon ƙoƙarin al'umma, amma ta ƙi yin nata aikin, ta bar su da jidali ne kawai.

Kai fa, ina naka? Ko da garinku yana nesa da teku, ledar da ka jefa a kwata ruwan sama zai kai ta rafi, rafi ya kai ta kogi. Binuwai yana haɗuwa da Kwara a Lakwaja, su gangara tare har Tekun Atlantika. A can babban kunkuru yakan ɗauki leda a matsayin wata halitta mai yauƙi da yake ci, ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Idan kuwa a bakin teku kake zaune, wata rana za ka iya cin karo da mace tana haƙa rami. Ka kashe tocilarka, domin haske yana korar ta, yana kuma ɓatar da 'ya'yan daga hanyar ruwa. Ka janye kare, ka tsaya daga baya har ta gama. Da gari ya waye ka gaya wa malaminku ko mai gari inda ramin yake, a sa masa ido har wata biyun su cika.