BABBAN KAMFANI DA SAUYIN RIGA

A cikin watan Maris na shekarar 2023 ne kamfanin Unilever na Nijeriya ya ba da sanarwa cewa zai janye hannunsa daga yin garin sabulun Omo da sabulan Sunlight da Lux. Kafin shekarar ta fita, kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya ce zai bar wa wakilai sayar da kayansa, shi kuma Procter & Gamble ya ce zai koma shigo da kaya daga waje. Ƙarancin dala da faɗuwar darajar naira su aka fi ɗora wa laifi. Jama'a da dama suka ɗauka baƙi ne suka ga wuya suka naɗe tabarmarsu. Amma wanda ya bi tarihin Unilever da kakanninsa a ƙasar nan zai ga sauyin riga ne irin wanda aka saba yi, kuma kowane sauyi da dalilinsa.

Labarin ya faro ne daga bakin Kwara. A cikin 1879 wani Bature, George Goldie, ya haɗa kan kamfanonin Ingilishi masu sayen manja a wannan kogi suka zama ɗaya, don kada su riƙa karya wa juna ciniki. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama shi ne Kamfanin Neja, mai sojojinsa da kotunansa da kwastan na kansa. Ɗan kasuwa ne, kuma shi ne hukuma. Ya toshe wa fataken Nembe hanyar ciniki har suka fusata suka auka wa tasharsa ta Akassa a 1895. A 1897 kuwa sojojinsa suka yaƙi Bida da Ilori. Da Gwamnatin Ingila ta ga aikin ya fi ƙarfin kamfani, sai ta karɓe mulkin, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu, 1900. Kamfanin bai fita hannu banza ba: an biya shi fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Watau ya sauke wa kansa nauyin riƙon sojoji, ya riƙe ciniki.

A can Ingila kuwa akwai wani attajiri, William Lever, wanda ya yi arziki da sabulun Sunlight tun wajen 1885. Sabulu ba ya yiwuwa sai da mai, shi kuwa ba ya son ya dogara da kasuwa wajen samunsa. Ya nemi a yanka masa manyan filaye a Afirka ta Yamma ya dasa kwakwar manja, hukumomin mulkin mallaka na Ingila suka hana shi. Sai ya juya wajen Beljiyam, wadda a 1911 ta ba shi izini a kan fili mai faɗin hekta 750,000 a ƙasar Kwango, inda masana tarihi suka tabbatar an yi amfani da aikin tilas. Wannan ita ce dabarar farko ta kamfanin da ya game duniya: in wata hukuma ta rufe ƙofa, akwai wata a gaba. Abin da bai samu da noma a Nijeriya ba kuma ya same shi da kuɗi, gama a 1920 ya sayi Kamfanin Neja ɗungurungum a kan fiye da fam miliyan 8. A 1929 aka haɗa wannan da babban abokin takararsa aka sami United Africa Company, wanda kowa ya sani da UAC, sannan a farkon 1930 kamfanin Lever ya haɗu da wani kamfanin Holan mai yin man shafa wa burodi, aka haifi Unilever.

Mutanen Arewa sun san wannan zamani a jikinsu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya zama wakilin Kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa a 1918, su suka shiga ƙauyuka suka tattaro ta, har aka kai ga dalar gyaɗa. Ba a musun cewa kuɗi sun shiga hannun manoma da dillalai. Amma mai karatu ya dubi tsarin: kamfani ɗaya ne ke da sikelin da ake auna gyaɗar, uwarsa ce ke da injin da ke matse ta a Turai, shi ne kuma mai kantin da manomi zai kai kuɗin ya sayi yadi da gishiri da sabulu. Daga baya har jiragen ruwa ya mallaka, masu suna Palm Line. Duk inda riba ta faɗo a wannan doguwar hanya, cikin aljihu guda take faɗawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da abin ya yi yawa sai da aka yi tsayayya. A 1937 manyan kamfanonin Turawa suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu kan sayen koko, manoman Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, suka ƙi sayar da amfaninsu wata da watanni, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa, har Gwamnatin Ingila ta turo kwamitin bincike. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu aka kafa hukumomin ciniki, ta koko a 1947, ta gyaɗa a 1949, yanke farashi ya koma hannun gwamnati. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. UAC ya shiga janye jiki daga sayen amfanin gona, ya zuba jari a masana'antu: katako a Sapele, haɗa manyan motoci a Apapa, kamfanin giya da ya kafa tare da Heineken a 1946, da manyan kantunan Kingsway. Da aka sami mulkin kai, gwamnati ta tsananta kuɗin fito a kan kayan waje don ta kare masana'antun gida, sai ga shi katangar da aka gina ta tarar da baƙon ya riga ya shigo ciki, ita ce ma ta kare shi daga sauran baƙi.

Sai zamanin dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ta a 1972, ta Janar Obasanjo ta ƙara mata ƙarfi a 1977. UAC ya sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, daga baya ya ƙara 20, Unilever ya rage da 40. An yi murna, kuma da dalili, domin dubban mutane sun mallaki jari, 'yan ƙasa irin su Cif Ernest Shonekan sun hau kujerar shugabanci, mutane da yawa kuma sun koyi aikin gudanarwa a can. Sai dai a kamfanoni da yawa na wancan lokaci, mai kashi 40 a dunƙule ya fi ƙarfin masu kashi 60 a warwatse. Wasu baƙin kuma suka sami 'yan ƙasa masu ara musu suna a takarda. Abin da ya fi duka muhimmanci, dokar ta raba gini da injuna, ba ta taɓa sunan kaya da sirrin haɗinsu da hanyar sayo kayan aiki daga waje ba, alhali a nan ne dukiyar take. Shi ya sa a 1979 aka kafa ofishi na musamman don duba yarjejeniyoyin aron fasaha da kuɗin da ake fitarwa ta wannan hanya. Indiya ta ga misalin haka ƙarara a 1977, sa'ad da Coca-Cola ya gwammace ya bar ƙasar baki ɗaya da ya rage ikonsa ko ya buɗe sirrin haɗinsa. Bai koma ba sai 1993, bayan an sassauta doka.

A Nijeriya ma an sassauta. A 1994 Unilever ya sayar da ragowar jarinsa a UAC, domin fatauci ya daina yi masa amfani, a 1995 kuma aka soke dokar 'yan ƙasa. Ɗaya reshen nasa, Lever Brothers, mai yin sabulu a Apapa tun shekarun 1920, shi ya riƙe, ya zama mai rinjayen jari a ciki, aka sake masa suna Unilever Nigeria a 2001. Yanzu uwar kamfanin tana sayar da kaya a ƙasashe wajen 190, cinikinta na 2022 ya kai yuro biliyan 60, kuma kallon kayanta take yi kamar yadda mai garke ke kallon shanunsa: wadda ta daina ba da nono a kai ta kasuwa. A 2018 ta sayar da sashen man burodi, har da Blue Band, a 2022 ta sayar da mafi yawan sashen shayi, har da Lipton. Wanda ya rabu da Lipton bai ji nauyin rabuwa da injin Omo na wata ƙasa guda ba. Gyaɗar Kano ma haka ta kasance: da fari da cuta suka rusa dalar a shekarun 1970, masu sabulun duniya ba su tsaya makoki ba, gama ga manjan Malesiya da Indunisiya, waɗanda yau ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya.

Fagen daga na wannan zamani shi ne littafin lissafi. Idan reshen wani kamfani a wata ƙasa ya sayi kaya daga ɗan'uwansa na wata ƙasa, ko ya biya shi kuɗin aron suna, ko ruwan bashi, farashin a cikin gida ake yanke shi, ta haka riba kan iya tashi daga inda aka yi aiki ta sauka inda haraji ba shi da yawa. Nijeriya ta kafa ƙa'idojin sa ido a kan wannan a 2012. A watan Oktoba na 2021 ƙasashe 136 suka amince da a riƙa karɓar aƙalla kashi 15 cikin 100 daga manyan kamfanoni, amma Nijeriya da Kenya da Pakistan da Sri Lanka suka ƙi sa hannu a lokacin, Nijeriya tana ganin rabon da aka tsara bai kula da ƙasashe masu tasowa ba.

Babu wanda zai zargi ɗan kasuwa don ya nemi riba, ƙasa kuma ba ta wadata da ƙin baƙi. Abin lura shi ne, sau da yawa dokar ƙasar nan takan zo ne ta kama rigar da kamfani ya riga ya tuɓe. An karɓe sikeli yana shirin gina masana'anta, an karɓe jarin masana'anta ya riƙe suna da fasaha. Saboda haka duk sa'ad da wani babban kamfani ya zo neman rangwamen haraji ko fili, ya kamata masu sa hannu su tambaye shi tun kafin a yanka zaren buɗewa: kashi nawa na kayan aikinsa zai saya a wurin manoman ƙasa, injiniyoyi nawa zai koyar har su iya aikin ba tare da shi ba, a wace ƙasa za a rubuta ribarsa, kuma me zai bari ranar da ya tashi tafiya. Gwamnati kuma ta sauke nata nauyin na lantarki da hanyoyi da tsayayyen kuɗi, domin masana'antar ɗan ƙasa, wadda ba ta da wata ƙasar da za ta koma, ita ce ta fi kowa shan wuyar rashinsu.