Ma'aikacin gwamnati ya koyi hukunta ƙaramar na'ura

Akwai wani ɗan allon lantarki wanda bai kai tafin hannu ba, sunansa Arduino. An ƙirƙiro shi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005, domin 'yan makaranta waɗanda ba injiniyoyi ba. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa. Mutum ya rubuta mata umurni da kwamfuta, ya zuba mata ta waya, ita kuwa ta yi ta bin umurnin dare da rana. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za a koya wa ma'aikatan jihar Tawa wannan sana'a.

Mu ɗauki gidan likita a karkarar Barmu ko Takanamat. Yawancin magungunan rigakafi tilas su zauna tsakanin awon sanyi 2 da 8. In firijo ya tsaya da tsakar dare cikin watan Afrilu, wa zai sani? Da safe ana iya yi wa yara allurar da ta riga ta lalace, uwaye su koma gida da zaton an kare 'ya'yansu. Alhali kuwa in aka haɗa wannan allo da ma'aunin zafi da katin salula, da zarar awon ya zarce 8 zai aika wa malamin likita saƙo. Haka ga famfo mai aiki da hasken rana: allon na iya kashe injin in ruwan rijiya ya ja baya, tun kafin ya ƙone, mata su koma jan guga ana jiran mai gyara daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.

Kada a ce wannan aikin Turawa ne. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙago ban ruwan garka da salula, har ya samu kyautar Sarki Hassan na Biyu ta ruwa a 2015. Tun 2018 kuma tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, take cikin jiharmu.

Masu ƙorafi suna da tasu gaskiya. Kalmomin umurnin na Ingilishi ne, kayan daga waje ake sayo su, ƙurar hunturu da zafin Adar kuma ba su raga wa na'ura. Amma kalmomin da mai koyo ke bukata kaɗan ne, kuma darasin farko bai wuce kunna 'yar fitila da kashe ta ba. Wanda ya koyi baƙaƙe da furfura a kansa, wannan ba zai razana shi ba.

Abin da muke tsoro ɗaya ne: a tara ma'aikata kwana uku a Tawa, a raba takardun shaida, a kulle kayan cikin kabad. Gara Jami'ar Djibo Hamani da cibiyoyin koyon sana'a su ɗauki mutum biyu daga ma'aikatar ruwa, biyu daga ta lafiya, kowa ya zo da matsalar wurin aikinsa, kada kuma a ba shi takarda sai abin da ya haɗa ya yi wata uku yana aiki a ƙauye.