Kullen Korona da Haƙƙin Baƙo a Ƙasar Kudu

'Yan uwa mazauna Onica, Fatakwal da Inugu, maganar kullen korona na 2020 bai kamata mu binne ta ba, domin annoba ba ta sallama kafin ta shigo, kuma abin da aka yi mana a wancan karo shi za a maimaita matuƙar ba mu shirya ba.

Cutar ta shigo Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A ƙarshen Maris gwamnatin Willie Obiano ta rufe kasuwannin Anambra, aka tsare gadar Neja, tashoshin Upper Iweka da ba sa barci suka zama kufai. Ba mu ce rufewar ba ta da dalili ba. A lokacin babu allurar rigakafi, kuma duk wanda ya san cunkoson Babbar Kasuwar Onica ya san mutum ɗaya zai iya shafa wa ɗari.

Sai dai wanda ya tsara dokar mai albashi ne, wanda ta faɗa wa kuwa ɗan dako ne, da mai shayi, da mai wankin takalmi, waɗanda sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da dare. Ɗan ƙasa yana da ƙauye da gonar rogo da zai koma. Mu fa? Hanyar gida a rufe take, domin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Ɗan tallafin abincin da aka raba kuma ya bi ta hannun shugabannin garuruwa, inda sunan baƙo ba ya cikin takarda.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa a makonni biyu na farkon kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce wanda cutar ta kashe a lokacin. A Ribas, Gwamna Nyesom Wike ya sa an rushe otal biyu a watan Mayu bisa zargin karya doka, ba tare da hukuncin kotu ba. In an yi wa mai otal haka, ina ga mai tura baro?

Mun kuma ga yadda aka riƙa tare tireloli a iyakokin jihohi ana sauke matasa 'yan Arewa ana mayar da su. Direbobin da suka ɓoye yara a ƙarƙashin buhunan albasa sun yi ganganci, sun kuma jawo mana baƙin jini. Amma laifinsu bai soke sashe na 41 na tsarin mulki ba, wanda ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan.

Ra'ayinmu shi ne, in irin wannan ta sake faruwa, kada a rufe kasuwa ruf. A raba ranakun ciniki layi-layi, a ajiye ruwa da sabulu a kowace ƙofa, a ba motocin abinci da na shanu takardar wucewa mai ɗauke da sunan direba da yaransa. Mu kuma tun yanzu kowane Sarkin Hausawa ya buɗe rajistar mutanensa, da sana'ar kowa da layin da yake zaune, a kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma a sa hatimi, a bar kwafi ɗaya wajen limamin unguwa.