Na'urar leza ta fi mu sanin darajar bagaruwa

Wannan makon ba zancen ƙa'idar rubutu na zo da shi ba, zancen fata ne, ku yi haƙuri da ni.

Watan jiya na so yi wa littafin da nake tara gajerun labaraina bango na fata. Na zana dagin Arewa a kwamfuta, na sayi fatar roba mai arha, na hau Keke Napep daga Badarawa zuwa wani shago da ke yanka allunan talla da na'urar leza. Mai shagon ya shinshina fatar, ya miƙo mini abata. Ya ce, "Malam, wannan ba za ta shiga injina ba. Nemo jimar gargajiya."

Na ji haushi, amma ɗan abin da na karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ya gaskata shi. Leza ƙonawa take yi. Fatar roba ta PVC tana ɗauke da sinadarin kulorin, idan ta ƙone sai ta saki iska mai cin huhu, mai sa ƙarfen injin tsatsa. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, irin ta yawancin manyan masana'antu, ita ma hayaƙinta guba ne. Wadda ta dace ita ce wadda aka jeme da tsiro, wato dai irin aikin da majeman Kano da Sakkwato ke yi da bagaruwa tun kaka da kakanni. Da na samo ta, warin da ya tashi kamar na babbakar kan rago ne ranar Sallah.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa na'ura za ta kashe dukanci ba. Injin da aka ƙero a Sin ne ya mayar da ni wurin majemi. Muna da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna kiran fatarta ta Maroko don a da ta can ayari ke fitar da ita. Muna da karan dafi mai ba da ja, da baban da har yau ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, ga cibiyar NILEST a Samarun Zariya da aikinta ke nan, binciken fata. Kayan suna nan, haɗa su ne ba mu yi ba.

Ba na cewa komai na gargajiya tsaf yake. Majema na wari, tana shan ruwa da yawa, kuma jan bangon nawa ya fara kodewa inda gumin hannu ke taɓawa.

Abin da ya fi damuna shi ne zane. Adon da baduku zai wuni yana fitarwa a jikin gafaka ko kube, yaro mai waya zai ɗauki hotonsa, ya zuba a kwamfuta, injin ya buga ɗari kafin la'asar. Wa za a biya? Mu da ke tayar da jijiyar wuya idan aka kwafe mana labari aka watsa a WhatsApp ba suna, bai kamata mu yi shiru a nan ba. A ganina duk wanda ya ɗauki zanen baduku ya nemi izininsa, ya sa sunansa, ya ba shi kaso, ya kuma kai masa ɗinkin, tunda leza ba ta riƙe basilla.

Sannan mu duba littattafanmu. Jaruminmu kullum ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Dubai. Yaushe rabon da ku ga majemi a labari, ba a matsayin wanda ake toshe wa hanci ba? Duk wanda ke da dattijo majemi ko baduku a dangi, don Allah ya zauna da shi, ya rubuto mana sunayen matakan jima ɗaya bayan ɗaya, daga jiƙo har shanya. Ni da na tambayi wanda ya sayar mini da fatar, biyu kawai na iya riƙewa.