Gas Ɗin AC Ba Fetur Ba Ne

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, duk wanda AC ɗin motarsa ya koma hura iska mai zafi, amsa ɗaya yake samu a gareji: "Gas ya ƙare." A dura masa R134a, ya biya, bayan 'yan makonni ya dawo yana gumi.

Alhali gas ɗin ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa yake cikin rufaffun bututu. In ya ragu, akwai inda ke yoyo. Sau da yawa ma ba shi ne matsalar ba. Motar da ke sanyi a buɗaɗɗen titi amma ta ɗau zafi a cunkoson Kurmi, fanka ake fara tuhuma, ko kwandensar da ƙurar hunturu ta toshe. Wani lokaci fiyus ne kawai ya ƙone.

Makanike nagari yakan ɗaura geji, ya nemo yoyon ya toshe, ya zuƙe iska da danshi, sannan ya dura gas. Wanda ya tsallake waɗannan, ɗiban ruwa yake da kwando. Kwamfaresa kuwa, in gas ya yi kaɗan, mai ba ya isarta sosai. Ƙarshenta sai an je Ƙofar Ruwa neman wata.