Kowa Ya Riƙe Rezarsa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so mu ɗan tattauna a kan wani abu wanda kowa ya raina, alhali kuwa babu namijin da ya balaga a kwalejin nan da zai yi mako biyu bai neme shi ba, watau abin aski. Maganata ba a kan tsai da gemu ko aske shi ba ce, wannan sha'anin malamai ne. Ko mai gemu har ƙirji ya kan gyara saje, ya rage gashin baki, ya aske kai. Abin da ni ke so mu duba shi ne, da me mu ke askin, kuma wa ya yi aski da shi kafin mu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata ko wane ɗalibi ya mallaki gidan reza na ƙarfe, irin na da, wanda a ke kwancewa a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Ya riƙe abinsa shi kaɗai, kada ya ba da aro, kada ya karɓi aro. In kuwa wurin wanzami za shi, to, ya tafi da sabuwar reza a aljihu. Ga dalilaina.

Bari mu fara da abin da mu ka gada. Tun zamanin da Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya, har zuwa sa'ad da a ka ba sabon babban birnin ƙasa sunan Abuja, garinmu ya koma Suleja, aski a hannun wanzami ya ke, kamar yadda ya ke a sauran garuruwan Hausa. Wanzami ya kan rataya zabirarsa ya bi gidajen da ya saba. A cikin zabirar akwai asake, da ƙaho, da dutsen wasa aska, da 'yar fatar da ya ke goga bakinta. Ya kan jiƙa kai da ruwa, ya murza har gashi ya yi laushi, sa'an nan ya ɗora aska. Ba aski kaɗai ne aikinsa ba: shi ne mai askin jariri ran suna, shi ne mai kaciya, shi ne mai ƙaho. Sana'a ce ta gado mai shugabanci, don a garuruwa da yawa har yau akwai Sarkin Aska. Duk wanda ya taɓa zama gaban gwanin wanzami ya san daɗin aikinsa, kuma ya san dalilin da Hausawa su ka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Ita kuwa reza, baƙuwa ce daga Amurka. Wani ɗan kasuwa mai suna King Gillette shi ya yi tunanin a yi aska siririya kamar takarda, mai araha, wadda ba a wasawa, in ta dakushe a yar a sa wata. Ya fara sayarwa a 1903, kuma a wannan shekara gidan reza 51 kaɗai ya sayar, da reza 168. Shekara na kewayowa ya sayar da gidan reza fiye da 90,000. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta gidan reza wajen miliyan uku da rabi, da su ka koma gida kuwa ba su sāke komawa ga tsohuwar aska ba. Daga nan abin ya game duniya har ya iso kantunanmu, inda iyayenmu su ka san Nacet mai hoton kada. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza wadda ba ta tsatsa da wuri. A 1975 kuma kamfanin Bic na Faransa ya fito da ta roba, wadda a ke yarwa gaba ɗaya, kai da mariƙi. Ita ce yanzu ta cika teburan masu tireda, tare da kilifa mai aiki da lantarki a shagunan aski.

To, ga abu huɗu ke nan a gabanmu: askar wanzami, da gidan reza na ƙarfe, da ta roba, da kilifa. Me ya sa na zaɓi na biyu?

Dalili na farko, kuma shi ne babba, lafiya. Akwai ciwon hanta wanda likitoci ke kira Hepatitis B. Ƙwayarsa a cikin jini ta ke, kuma tana iya zama da rai a kan ƙarfe har kwana 7, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cikin ko wane mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64 a ƙasar nan, wajen 8 suna ɗauke da ita. Mu yi lissafi irin namu na malamai: in ɗakin kwana yana da ɗalibi 25, bisa wannan ƙiyasi za a iya samun biyu masu ita. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su sani ba, don ta kan yi shekaru ba ta nuna alama, sai ta gama cin hanta sa'an nan a ga ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Sai ka ji ana cewa sammu ne. Ba sammu ba ne, wani lokaci reza ce ta abokin ɗaki.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Safiyar Jumma'a ko ran da za a fita koyon koyarwa, sai wani ya leƙo ya ce, "Wane, ara mini rezarka in ɗan gyara fuska." Kunya ta hana ka ce a'a. Shi ya yanke a haɓa, kai ka yanke a wuya, jini ya sadu da jini. Wannan kunya ba ta da amfani. Wanda ya hana ka rezarsa bai yi maka rowa ba, ya yi maka alheri ne, ya kuma yi wa kansa. In kana son taimakonsa, ciro sabuwa daga cikin kwali ka miƙa masa kyauta. A nan ne gidan reza na ƙarfe ya fi ta roba: rezarsa mai araha ce ƙwarai, ba da ɗaya kyauta ba ya karya ɗalibi. Ita kuwa ta roba, saboda kuɗinta ya fi, sai a yi ta lallaɓa ta wata guda, tana yawo daga hannu zuwa hannu. Ɗalibai mata ma maganar ta shafe ku, don rezar yankan farce ita ma ba abin aro ba ce.

Dalili na biyu, tattali. A ce mutum yana gyaran fuska sau 2 a mako, watau sau 104 a shekara, kuma ko wace reza tana kai shi aski 4. Reza 26 ke nan a shekara. Mai gidan ƙarfe siraran reza 26 zai saya, gidan kuwa sau ɗaya a ke sayensa, har ɗa ya gaji na ubansa. Mai ta roba kuwa sau 26 zai biya kuɗin mariƙi, ya kuma zuba roba 26 a bola, su tafi su toshe lambatu da damina. Kowa ya je kasuwa ya tambayi farashin biyun, ya ninka da 26, ya ga bambanci da idonsa. Malamin makaranta ba mai yawan albashi ba ne, gara ya koyi tattali tun yana ɗalibi. Kuma gidan reza ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Dalili na uku, fatarmu. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. In a ka yanke shi ƙasa da fata, sa'ad da ya ke tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki nama, ya zama ƙurji. Wannan shi ne ƙurajen da mu ke gani a wuya da haɓar samari da yawa. Irin rezar zamani mai baki biyu ko uku a jere an yi ta ne don baki na farko ya jawo gashi, na biyu ya yanke shi can ƙasa, saboda haka ta fi jawo mana wannan wahala. Baki ɗaya mai kaifi, wanda ya yanke gashi daidai da fata, shi ya fi dacewa da mu. Wanzamai sun san haka tun da daɗewa ba tare da sun karanta a littafi ba.

Na san akwai masu cewa gidan reza yana yanka mutum. Gaskiya ne, amma sai wanda bai iya ba, iyawar kuwa ba wuya. Gidan yana da mariƙi da faifai biyu. Rezar tana tsakaninsu, in an ɗaure sai ta ɗan lanƙwasa, bakinta kaɗan ne ke leƙowa, faifan ƙasa kuma yana miƙar da fata kafin kaifi ya iso. Ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi kamar minti 3. Ka yi kumfa sosai, ko da sabulun salo ne. Ka karkata mariƙin, kada ka danna, nauyin ƙarfen ya isa. Ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka tayar masa, kuma ka riƙa ja kaɗan kaɗan kana ɗaurayewa. In ka gama ka wanke da ruwan sanyi. In akwai inda ya fashe ka goga alif, watau alam ɗin nan da a ke sa wa ruwa ya kwanta, amma shi ma naka kai kaɗai. Sa'an nan ka shafa man kaɗanya, wanda Allah ya wadata Jihar Neja da shi. Ka kwance gidan, ka wanke, ka shanya. Wanda ya sami tsohon gida na mahaifinsa ko ya saya a gwanjo, ya goge shi da sabulu, ya tafasa shi sosai, sa'an nan ya sa sabuwar reza.

Waɗansu kuma za su ce ai kilifa ta raba gardama, tun da ba ta yanka. Wannan kuskure ne. Duk wanda a ka yi wa gyaran goshi da ƙeya ya ji raɗaɗi sa'ad da a ka shafa masa sifirit, ya san fata ta fashe. Kilifa ɗaya kuwa ta kan bi kai da yawa a yini. Goge ta da buroshi, ko ɗiga mata kananzir ko fetur, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ban da ciwon hanta, ta haka makero ke bin kawunan yara. Mai hali ya sayi tasa kilifar ya riƙa zuwa da ita. Marar hali ya dubi yadda mai shago ke tsabtace tasa kafin ya zauna, in bai gamsu ba ya tashi.

Akwai kuma masu cewa wannan magana za ta kashe sana'ar wanzamai. Ni ban ga haka ba. Mu dubi abin da ya faru da ginin tukwane a garin nan. Da Bature Michael Cardew ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a nan a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ba ta yar da abin da ta gada ba, sai ta haɗa shi da sabon ilmi, har ga hotonta yau a bayan takardar naira 20. Haka wanzanci zai yi. Gwanintar wanzami a hannunsa ta ke, ba a ƙarfen ba. Da yawa daga cikinsu sun riga sun koma ga sabuwar reza, su ɓare ta a gaban mai aski, su karya biyu, su sa a mariƙi. Waɗanda ba su koma ba mu yi musu magana da ladabi, musamman a kan askin suna da kaciya, inda jariri da yaro ba su da bakin cewa a'a. An ce wanzami ba ya son jarfa, to, mu ma ba mu son jinin wani a jikinmu, kuma ba mu son namu a jikin ɗan wani.

Saura magana ɗaya wadda ta shafe mu mu malaman gobe fiye da kowa. Ina tsohuwar reza ke zuwa bayan an gama da ita? Duk wanda ya shiga aji a firamare ya san amsa. Tana cikin jakar yara, da ita su ke fiƙe fensir, da ita su ke yanke farce, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan, yatsa na zub da jini ana tsotsewa. Daga bola su ka tsinto ta, kuma babba ne ya yar. Saboda haka kowa ya nemi gwangwanin madara, ya huda masa 'yar tsaga a sama, ya riƙa jefa tsofaffin reza a ciki. In ya cika a doɗe bakin, a binne shi da zurfi ko a ba masu sayen tsohon ƙarfe. In mun je koyon koyarwa kuma, mu ajiye abin fiƙe fensir a teburin malami, mu karɓe reza daga hannun yara, mu gaya musu dalili. Yaro ba ya jin darasin tsabta daga malamin da ya ga yana aron reza.

Ina roƙon hukumar kwaleji da shugabannin ɗalibai abu uku. A sa gwangwanin tsofaffin reza a ko wane wurin wanka. A roƙi mai kantin kwaleji ya riƙa kawo gidan reza na ƙarfe da rezarsa. A kuma shirya da ma'aikatan lafiya su zo su auna jinin ɗalibai, su yi wa waɗanda ba su kamu ba allurar rigakafin ciwon hanta, wadda a ke yi sau 3. Sai a 2004 a ka sa ta cikin alluran jarirai a ƙasar nan, saboda haka manyanmu da yawa ba su samu ba, cikin ƙanana ma akwai waɗanda ta wuce.

Marigayi Sarki Sulaimanu Barau, wanda garin nan ke amsa sunansa, ɗalibin Kwalejin Katsina ne, kuma ya riƙe alli kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Garin da malami ya yi wa sarauta shekara 35 bai kamata malamansa su zama na baya wajen gyara ba, ko da gyaran ƙarami ne kamar na reza. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.